Zagayen Ganuwar Garun Zabo

Kwana goma sha tara ke nan da aka kawo Zulfa Garun Zabo, kuma har yanzu ba wanda ya ce mata ga ranar komawa Haɗeja.

Mahaifinta, Malam Shu'ibu, shi ya goyo ta a babur ana tsakiyar hutun makarantar firamaren da take koyarwa. A bakin zaure ya karɓe wayarta ya zura a aljihu, ya danƙa ta ga yayarsa, Goggo Amatullahi, ya ce ta zauna ta ɗan huta. Kowa a gidan ya san wane irin hutu ake nufi.

Laifinta ɗaya ne, ta ce Nu'uman take so.

Nu'uman gyaran injin ban-ruwa yake yi a Haɗeja. Ba a san shi da wani abin faɗa ba, ko Malam Shu'ibu bai ce yana da aibu ba. Aibun na ubansa ne. Shekara ashirin da biyu da suka wuce, a nan Garun Zabo, Gwadabe uban Nu'uman ya sari Baffa Umara da adda a hannun hagu, saboda shanun gidansu Baffan sun faɗa gonar shinkafar Gwadaben. Baffa Umara kuwa wan Malam Shu'ibu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Hannun ya shanye, har yau a cikin riga yake ɓoye shi. Gwadabe ya yi shekara biyu a gidan yari, da ya fito ya kwashe iyalinsa ya koma Guri, ya shiga sana'ar kamun kifi.

Malam Shu'ibu ya rantse muddin yana numfashi jininsa ba zai haɗu da na Gwadabe ba. Ya kuma nemo maganin abin a cikin gida: Ja'afaru, ɗan Baffa Umara, mai aikin gwamnati a Dutse, wanda dama ya daɗe yana ɗan nuna alama.

Zulfa ta yi kukanta a makon farko. A na biyu ta daina. Yanzu tashi take ta yi shara, ta taya Goggo surfe, ta koma ɗaki. In an yi mata magana ta amsa, in ba a yi ba ta yi shiru.

Ranar Asabar da hantsi motar Ja'afaru ta tsaya a ƙofar gida, tayoyinta duk taɓo. Ba a jima ba Goggo ta leƙo ɗaki.

"Tashi ki sa mayafi. Yayanki ya ce zai zaga da ke ki ga gari. Da azahar ubanki zai iso a tsayar da rana, gara ku yi magana kafin nan."

"To."

"To kawai? Ba ki da wata magana sai to?"

"To, Goggo."

Goggo ta yi tsaki, ta ɗauko sandarta. "Ni ma da ni za a je. Ba a gidan nan za a ce budurwa ta fita daji da saurayi ita kaɗai ba, ko da ɗan'uwanta ne."

Ja'afaru na tsaye a waje, ya cire takalmin ofis ya sa silifa, ya naɗe ƙafar wando. Dogo ne, mai sanyin magana, irin mutanen da ba a jin sun ɗaga murya.

"Zulfa, ina kwana? Ya baƙunta?"

"Lafiya lau, Yaya. An zo lafiya?"

"Lafiya. Kin taɓa zaga ganuwar garin nan kuwa?"

"A'a."

"Garin ubanki guda. To yau za ki zaga. Ba ta da nisa, ko awa ɗaya ba za mu yi ba."

An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi. Suka bi lungu suka fita ta Ƙofar Gabas, wadda babu abin da ya rage nata sai giɓi tsakanin tudu biyu. Ganuwar kanta ta zaizaye ta zama doguwar kunya mai ciyawa a kai, awaki na kiwo a samanta. Ja'afaru na gaba, Zulfa na biye, Goggo na can baya tana dogara sanda tana mita da taɓo.

"Tsofaffi sun ce a da ko mahayin raƙumi ba ya hango abin da ke cikin gari," in ji Ja'afaru. "Ƙofa huɗu ce, ana rufe su da magariba. Wanda ya makara a waje zai kwana, ko ɗan Bulama mai gari ne. Kin ga wancan kwarin da ruwa ya kwanta? Nan aka haƙi ƙasar da aka yi ginin."

Zulfa ta kalli kwarin. Kwaɗi ne a ciki da ganyen bado.

"Na gani."

A dama da su gero ya fitar da kai, ya fi mutum tsawo. Wasu mata biyu ɗauke da ƙwaryar nono suka ratse musu hanya, suka gaida Goggo, suka bi Zulfa da kallo. Ta san kafin la'asar duk garin zai ji an ga amarya da ango suna zaga gari. Abin bai dame ta ba. Kwanan nan ba abin da yake damunta sosai, kamar dai wata ce ake yi wa komai ita tana gefe tana kallo.

Suka iso tsohuwar marina. Ramuka ne wajen goma sha biyar a jere, bakunansu sun farfashe, ruwan sama ya cika su. Ja'afaru ya ce daga Borno ma ana kawo tufafi rini a nan, lokacin da garin yake gari. Yanzu ko mai rini ɗaya babu. Na ƙarshensu ya rasu Ja'afaru yana firamare, kuma har aka binne shi hannuwansa ba su daina shuɗi ba.

Gaba kaɗan akwai rijiya a gindin wata tsamiya. Katakon bakinta duk igiya ta yi masa zane-zane masu zurfi.

"Wannan ita ce rijiyar Zabo, wanda aka ce shi ya sari garin. Ba a taɓa jin ta ƙafe ba."

Goggo ta iso tana haki, ta zauna a kan saiwar tsamiyar, ta miƙe ƙafa.

"Ni kam nan na tsaya. Gwiwoyin nan ba na zaga gari ba ne. Ku ƙarasa ku dawo ku same ni. Ja'afaru, amana ce."

"In sha Allahu, Goggo."

Suka ci gaba su biyu. Hanyar ta lanƙwasa ta yi arewa, ganuwa na hagunsu. Ja'afaru ya daina bayani. Sai da suka zo wani wuri inda ganuwar ta rushe gaba ɗaya, ana hango cikin gari, ya tsaya. Wani kango ne a wurin, katangarsa ta faɗi, rama da tafasa sun cinye tsakar gidan. Bishiyar kurna ɗaya ce a tsaye.

"Kin san gidan wa ne wannan?"

"A'a."

"Gidan Gwadabe. A nan aka haifi Nu'uman. Mun sha cin kurnar nan ni da shi, da shekara ɗaya kawai na girme shi."

Wannan ne karo na farko da wani daga cikin danginta ya ambaci sunan a gabanta ba tare da tsaki ba. Zulfa ta kalli kangon. Ta nemi inda ɗaki zai kasance, ba ta gane ba.

"Ba wanda ya sake gini a wurin?"

"Ba wanda ya nema."

Suka wuce. Ƙofar Ruwa ita ce ta arewa, daga ita sai burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya. Da suka fito sai fadama ta buɗe gaba ɗaya. Shinkafa kore shar har inda ido ya tsaya, ruwa na ƙyalli a tsakaninta, can nesa doguwar ciyawar kacalla ta yi duhu a bakin kogi. Balbelu sun yi fari a kan wata goruba.

Ja'afaru ya nuna wata gona a gefen burtalin.

"Nan ne."

Ba ta tambaye shi mene ne ba.

"Ina da shekara bakwai. Ina tsaye a can, wajen gorubar nan, na kawo wa Baba fura. Shinkafa ta nuna, saura kwana kaɗan a yanke. Shanunmu wajen talatin suna ciki, sun tattake fiye da rabi. Gwadabe ya zo a guje yana ihu, Baba ma ya zo a guje zai kore su. Ban ji abin da suka ce wa juna ba. Na dai ga adda ta ɗaga."

"Yaya, don Allah ka bari."

"Akwai abin da ba a gaya miki ba, kuma ya kamata ki sani. Ranar ba babana ne da kiwo ba. Babanki ne."

Zulfa ta juyo.

"An aiko masa cewa sunayen waɗanda aka ɗauka aiki sun fito a Haɗeja. Ya kasa haƙuri. Ya bar shanun a mashaya, ya ce yanzu zai je ya dawo, bai gaya wa kowa ba. Da ya dawo da yamma da takardar aiki a hannu, babana yana asibiti. Ba wanda ya taɓa yi masa gori. Ko sau ɗaya Baba bai tayar da maganar ba. Amma ni na san abin da yake cin Baffa Shu'ibu."

Ta daɗe tana kallon gonar. Shinkafa ce kawai, irin ta kowace gona.

"Me ya sa kake gaya mini yau?"

"Mu ƙarasa mashaya."

A mashaya akwai kwalekwale ɗaya a ɗaure jikin turke. Wani mutum na zaune a bakinsa ya ba su baya, rigarsa ta jiƙe da zufa. Tun kafin ya juyo Zulfa ta gane ƙeyar. Ta tsaya cak.

"Ranar Laraba ya same ni a ofis," in ji Ja'afaru, bai kalle ta ba. "Ya ce kwana goma sha shida bai ji muryarki ba, bai san ko kina lafiya ba. Na ce ya zo yau. Hanyar tsallaken, ruwa ya cinye ta, shi ya sa ya ari jirgi. Ina can gindin goruba, ina hango ku. Kada ku daɗe."

Ya juya ya tafi.

Nu'uman ya taso. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya tsaya nesa da ita kamar taku uku, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

"Zulfa."

"Na'am."

"Kina lafiya? Ba su dake ki ba?"

"Wa zai dake ni? Dangina ne."

"Na je gidanku sau uku. Na farko aka ce ba kya nan. Na biyu aka ce kada in sake zuwa. Na uku Baba da kansa ya fito, bai ce mini komai ba, ya rufe ƙofa." Ya goge fuska da hannun riga. "Na je Guri. Na durƙusa a gaban babana na ce ya zo ya ba Baffa haƙuri, ko sau ɗaya. Kin san abin da ya ce?"

"Me ya ce?"

"Ya ce shekara biyu ya yi a ɗaure, ya rasa gona, ya rasa gida, uwarsa ta rasu yana ciki bai ga gawarta ba. Ya ce in akwai sauran abin da bai bayar ba a faɗa masa. Sai ya tashi ya ɗauki komarsa ya fita."

Zulfa ta mayar da idonta kan ruwa.

"Da azahar za a tsayar da rana, ko? Ja'afaru ya gaya mini."

"Haka aka ce."

"To ki saurare ni. Na tambayi malamai biyu, ba ɗaya ba. Sun ce idan uba ya hana 'yarsa auren wanda take so, ba don addininsa ko halinsa ba, tana da ikon kai magana gaban alƙali, alƙali ya zama waliyyinta. Ba haramun ba ne, Zulfa, shari'a ce. Ga jirgi. Mu tsallaka, in kai ki gidan yayata a Haɗeja, ko ƙofar ɗakin ba zan taka ba. Litinin mu je kotu."

"In kai Baba ƙara?"

"Ba ƙara ba ce irin ta..."

"Za a aika masa sammaci?"

Ya kawar da kai.

"Za a aika masa, Nu'uman? Ɗan aiken kotu zai tsaya a ƙofar gidanmu, a gaban maƙwabta, ya kira sunansa?"

"Za a aika."

"Ya zo ya tsaya, ni ma in tsaya, a ce wace ce mai ƙara, in ce ni ce?"

"To ya kike so in yi?" Muryarsa ta fashe. "Ki gaya mini! Shekara uku ina bin ƙa'ida. Na turo manya, an mayar da su. Na turo limamin unguwarmu, an ba shi ruwa ya sha an sallame shi. Ina da shekara shida aka yi abin nan. Shida! Ban riƙe adda ba, ban kora saniya ba. Ina cikin wancan kangon ina wasa da ƙasa. Me na yi?"

Hawaye ne ke zubo masa, bai ma damu ya share ba. Zulfa ta zaci nata sun ƙare tun makon farko. Sai ta ji ɗumi a kumatunta.

"Ba ka yi komai ba."

"To ki shigo jirgin."

Ta kalli kwalekwalen. Ya shimfiɗa buhu a kan katakon tsakiya don kada zaninta ya jiƙe. Wannan buhun ya fi duk maganganunsa taɓa ta.

"Ba zan shiga ba."

"Zulfa..."

"Wallahi ba don ba na son ka ba. Kai ma ka sani. Kwana goma sha tara ban yi sallar da ban ambace ka ba. Amma in na shiga jirgin nan, gobe a garin nan za a ce ɗan Gwadabe ya zo har mashaya ya ɗauke 'yar Shu'ibu. A nan, wurin da aka sari Baffa. Ka ga an ƙara na biyu ke nan. 'Ya'yanmu wane gida za su je da salla? Guri ko nan?"

"Sai ki auri Ja'afaru ke nan."

"Ban ce ba."

"To me ya rage? In ba kotu, ba Ja'afaru, me ya rage?"

"Ban sani ba tukuna." Ta share fuska da gefen mayafi. "Ka koma Haɗeja. Kada ka jira a nan, kada wani ya gan ka."

"In na tafi yau ban san ko zan sake ganin ki ba."

"Ni ma ban sani ba. Ka tafi dai."

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya kwance igiyar, ya tura jirgin da ƙafa, ya haye. Bai waiwayo ba sai da ya kai tsakiyar ruwa. Ta ɗaga masa hannu kaɗan. Kacalla ta rufe shi.

Ja'afaru na zaune a gindin goruba yana fasa wani busasshen ƙwallo da dutse. Da ta iso ya tashi ya kaɗe riga.

"Na zaci za ki shiga."

"Da na shiga fa?"

"Da na koma na ce wa Goggo na yi sakaci." Ya ɗan yi murmushi wanda bai kai ido ba. "Kada ki ɗauka kirki ne ya sa na kira shi. So nake in ga fuskarki lokacin da za ki gan shi. Tun muna yara nake kallon fuskar nan, ban taɓa ganin ta haka ba. Na gani, ya ishe ni."

"Yaya, ka yafe mini."

"Ba ki yi mini komai ba. Amma ki sani, ko na janye, babanki wani zai nemo. Ba ni ne matsalar ba."

Suka kama hanya. Sauran ganuwar ta yamma ba wani abin kallo, gonakin gyaɗa ne da wata tsohuwar maƙabarta da aka kewaye da ƙaya. Ja'afaru ya ce Ƙofar Yamma a nan take a da, amma ko shi bai san daidai wurin ba. Zulfa ba ta ji sosai ba. Wani abu take juyawa a ranta.

"Yaya, Baffa da bakinsa ya taɓa cewa bai yarda ba?"

Ja'afaru ya rage tafiya.

"Baba ba ya maganar."

"An tambaye shi?"

"Wa zai iya?"

Suka sami Goggo tana gyangyaɗi a gindin tsamiya. Ta buɗe ido ta kalli fuskar Zulfa, ta kalli ta Ja'afaru, ta kalli taɓon mashaya da ke ƙafafunsu.

"Ganuwar ta ƙara tsawo ne bayan rabona da ita?"

Ja'afaru ya kalli ƙasa. Ta miƙa wa Zulfa hannu ta tashe ta, ba ta sake tambaya ba.

Babur ɗin Malam Shu'ibu na jingine a ƙofar gida lokacin da suka iso. Ya riga azahar. Shi da Baffa Umara suna zaune a zaure a kan tabarma, ga ƙwaryar fura a tsakaninsu. Mata in za su wuce zaure sukan rusuna su gaisar su shige. Goggo ta shige. Zulfa ta cire takalmi, ta durƙusa, ba ta tashi ba.

"Baba, sannu da zuwa. Baffa, barka da rana."

"Yauwa. Shiga ciki," in ji Malam Shu'ibu.

"Ina da magana da Baffa, in an ba ni izini."

"Ke! Na ce ki shiga ciki."

Baffa Umara ya ɗaga hannunsa mai lafiya. Tsoho ne siriri, gemunsa ya yi fari fat.

"Bar ta, Shu'ibu. Faɗi, 'yata."

Ta sunkuyar da kai.

"Baffa, an ce saboda ku aka hana ni Nu'uman. Ni ban isa in ce a yafe abin da ba a jikina yake ba. Yau an ba ni hanyar zuwa kotu, na ƙi, don ba zan tsaya da Baba a gaban alƙali ba ko zan mutu ban yi aure ba. Yaya Ja'afaru kuma ba zan cuce shi in shiga gidansa da wani a raina ba. Abu ɗaya nake roƙo. In ji daga bakinku. In kun ce a'a, wallahi na bar maganar har abada, ba za a sake jin ta ba."

Ja'afaru na tsaye a bakin ƙofa. Malam Shu'ibu ya buɗe baki, wansa ya riga shi.

"Shekara ashirin da biyu," in ji Baffa Umara a hankali, "ana fushi a madadina, ana rantsuwa a madadina. Yau ne aka fara tambayata."

Ya zaro hannun daga cikin riga ya ɗora a gwiwa. Zulfa ba ta taɓa ganin sa a fili ba. Siriri ne kamar na yaro, yatsun sun lanƙwashe ciki.

"Ban yafe wa Gwadabe ba. Kada wani ya je ya ce na yafe. Ni da shi sai a gaban Allah. Duk sanda zan ɗaura alwala sai na tuna shi." Ya numfasa. "Amma yaron nan ban san shi da komai ba sai satar kurna. Ba da shi zan rama ba. Ba kuma da ke ba."

"Yaya!" Malam Shu'ibu ya miƙe tsaye. "Mutumin da ya nakasa ka? Ka ce in haɗa jini da shi? In zauna tabarma ɗaya da shi ranar ɗaurin aure?"

"Hannuna ne, Shu'ibu, ba naka ba."

"Ai saboda ni..." Ya kasa ƙarasawa.

"Na sani. Tun ranar na sani, kuma ban taɓa riƙe ka ba. Kai ka riƙe kanka. To ka ci gaba in kana so, amma ka sakar wa yarinya wuya." Ya juya ga ɗansa. "Ja'afaru, kai fa?"

"Na janye, Baba."

"To. Ka aika wa yaron ya turo manyansa nan, wurina. Ni ne babba a gidan nan, ni zan ba da ita."

Malam Shu'ibu ya tsaya yana kallon wansa. Can ya sunkuya ya ɗauki hularsa, ya sa takalmi.

"Ba zan yi jayayya da kai ba, Yaya. Ban taɓa yi ba. Ku ɗaura. Amma na yi rantsuwa, kuma ba za a gan ni a wurin ba."

Ya fita. Zulfa ta tashi ta bi shi ba takalmi.

"Baba! Baba, don Allah ka tsaya ka ji."

Ya riga ya hau babur. Ita ce 'yarsa ta fari, kuma bisa al'adar gidansu bai taɓa kiran sunanta ba tun da aka haife ta. Ke yake cewa, ko yarinyar nan. Ya riƙe kan babur ɗin da hannu biyu, yana kallon gabansa.

"Zulfa'u," ya ce. "Allah ya ba ku zaman lafiya. Daga yau Baffanki ne ubanki."

Ya tayar da babur ya tafi, a hankali saboda taɓo. Ta tsaya tana kallon bayansa har ya sha kwanar masallaci.

Ladan ya kira azahar. Daga cikin gida Goggo ta ƙwala mata kira ta zo ta wanke ƙafa. Zulfa ta amsa, amma ta ɗan jima a wurin kafin ta juya.